Ginuwar hanyar ji a ƙwaƙwalwar ɗan tayi

Ginuwar hanyar ji a ƙwaƙwalwar ɗan tayi ita ce yadda kunne da jijiyar ji da sassan ƙwaƙwalwa masu karɓar sauti suke samuwa, su kuma haɗu da juna, tun mutum yana cikin mahaifiyarsa. Ginin yana somawa ne tun makonnin farko na ciki, amma sai tsakanin mako na 24 da na 28 hanyar ke fara kai saƙo ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Ke nan jaririn da ya cika wata tara yakan zo duniya bayan ya shafe kusan wata uku yana sauraro. Abin da ya fi isa gare shi a wannan lokaci shi ne muryar uwarsa, musamman hawa da saukarta. Masana kimiyyar harshe suna ɗaukar wannan a matsayin matakin farko na koyon harshe. Likitoci kuma suna ba shi muhimmanci domin da yawa daga cikin abubuwan da ke sa a haifi yaro kurma a waɗannan watanni suke yin ɓarnarsu.

Ana ƙidayar makonnin ciki ta hanya biyu. A asibiti ana farawa daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, wanda ke sa cikakken ciki ya zama mako 40. Masu nazarin halittar tayi kuwa daga ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi suke farawa, wato bambancin kusan mako 2. Ƙidayar asibiti aka bi a nan, sai inda aka ce “bayan shigar ciki”.

Zangunan hanyar ji

Sauti girgizar iska ce. Fatar kunne ta waje ke tattaro ta zuwa ramin kunne, ta bugi dodon kunne, wanda siririyar fata ce kamar ta bakin ganga. Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku da aka sa wa suna bisa siffarsu: guduma, maƙera da likkafa. Likkafa ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin mutum, tsawonta kusan milimita 3. Su ukun ne ke tura girgizar zuwa katantanwar kunne, wani bututu mai ruwa a ciki da ya naɗe sau biyu da rabi, wanda in an miƙe shi zai kai kusan milimita 35.

A cikin katantanwar akwai ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da girgiza ta zama saƙon lantarki. Kowane kunne yana da na layin ciki kusan 3,500, da na waje kusan 12,000. Masanin Italiya Alfonso Corti ne ya bayyana tsarin da suke zaune a kai a shekarar 1851, shi ya sa ake kiran wurin da sunansa. Gindin katantanwa yana karɓar siraran sautuka, ƙololuwarta kuma masu kauri, kuma wannan jeri yana nan a kowane zango har zuwa ƙarshen hanya.

Daga nan jijiyar ji, mai ɗauke da zaruruwa kusan 30,000, ke kai saƙon zuwa tushen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. A can saƙon yana yada zango a wurare da dama. Zango na farko yana karɓa daga kunne ɗaya kawai. Na biyu yana kwatanta abin da kunnuwan biyu suka kawo, ya gane wanne ya riga ji kuma wanne ya fi ji da ƙarfi, ta haka mutum ke sanin ta ina sauti ya fito. Na uku yana tsakiyar ƙwaƙwalwa, na huɗu kuma yana cikin talamus, wanda shi ne mashigar yawancin saƙonnin jiki. Hanyar tana ƙarewa ne a ɓawon ƙwaƙwalwa, a gefen kai daidai saman kunne, a wani tudu mai sunan masanin Ostiriya Richard Heschl. Mafi yawan zaruruwan suna tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren, don haka kunnen dama ya fi aika saƙo zuwa hagun ƙwaƙwalwa.

Ginuwar kunne

Kunnen ciki ne ke fara samuwa. Kusan kwana 22 bayan shigar ciki, fatar tayin takan yi kauri a wurare biyu, ɗaya a kowane gefe na inda kai zai kasance. Kowane wuri yakan lotsa ciki, bakinsa ya rufe, ya zama 'yar ƙaramar jaka zuwa ƙarshen mako na 4. Daga wannan jaka ake samun katantanwa da kuma sassan da ke kula da daidaiton jiki, waɗanda in sun sami matsala mutum ke jin jiri. Wasu ƙwayoyi kuma sukan ɓalle daga jikin jakar su zama asalin jijiyar ji.

A mako na 6 bayan shigar ciki bututun katantanwa ke fara tsirowa yana naɗewa, ya cika naɗinsa biyu da rabi tsakanin mako na 8 da na 10. Daga nan ƙwayoyi masu gashi suke fara bambanta da maƙwabtansu, na layin ciki kafin na waje, daga gindi zuwa ƙololuwa. Zuwa tsakiyar ciki katantanwa ta riga ta kai girman ta baligi, ba za ta ƙara girma ba. Ƙwayoyi masu gashin da aka samu a wannan lokaci su ne na mutum har ƙarshen rayuwarsa, domin in sun mutu wasu ba sa fitowa a madadinsu. Tsuntsaye kuwa nasu na sake fitowa, kamar yadda bincike ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1980.

Kunnen tsakiya da na waje daga wani wuri dabam suke fitowa, wato wasu ninke-ninke da ke wuyan tayi. Guduma da maƙera daga ninki na farko suke, wanda shi ne kuma asalin muƙamuƙi, likkafa kuma daga na biyu. Wannan ne ya sa yaron da aka haifa da tawaya a muƙamuƙi ko a fatar kunne sau da yawa akan same shi da matsalar ji. Fatar kunne tana fitowa ne daga ƙananan tudu shida da ke haɗewa, tana farawa a ƙasa wajen wuya, sannan ta haura zuwa daidai ido yayin da fuska ke girma. Ramin kunne yakan kasance a toshe har zuwa wata na bakwai.

Ginuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwa

Zangunan tushen ƙwaƙwalwa suna bayyana tun a watanni ukun farko, amma samuwarsu kaɗai ba ta isa a ji ba. Dole zaruruwan jijiya su tsiro daga wannan zango zuwa wancan, su ƙulla mahaɗa, sannan a lulluɓe su da wani farin abu mai maiƙo da ake kira mayalin. Aikinsa kamar na robar da ke jikin wayar lantarki ne: yana hana saƙo zurarewa, yana kuma ƙara masa gudu. Nazarin da Jean Moore da abokan aikinta suka yi a Los Angeles ya nuna cewa mayalin yana fara bayyana a hanyar ji ta tushen ƙwaƙwalwa tsakanin mako na 26 da na 29, lokacin da ya yi daidai da fara amsa sauti ba tare da fashi ba.

Zaruruwan da ke tasowa daga talamus ba kai tsaye suke shiga ɓawon ƙwaƙwalwa ba. Sukan tsaya na makonni a wani shimfiɗi na wucin gadi da ke ƙarƙashinsa, sannan su fara kutsawa daga wajen mako na 24 zuwa 26. Mafi yawan wannan shimfiɗi yana ɓacewa bayan ya gama aikinsa.

Hanyar tana fara atisaye tun kafin kunne ya iya karɓar sauti. A 2007 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa wasu ƙwayoyi da ke kusa da masu gashi suna sakin wani sinadari lokaci-lokaci, wanda ke sa jijiyar ji ta aika saƙo ko da babu wani sauti. Waɗannan saƙonni suna taimaka wa kowane zare ya riƙe mazauninsa a jerin sirara da masu kauri. An fi yin irin wannan nazari da ɓeraye domin su sai kusan kwana 12 bayan haihuwa suke fara ji. Mutum da tunkiya kuwa tun a ciki suke farawa.

Lokacin da ɗan tayi ke fara ji

Tun a 1925 likitan yara na Jamus Albrecht Peiper ya ba da rahoton cewa ɗan tayi na motsawa idan aka busa ƙahon mota kusa da mai ciki. Samuwar na'urar hoton ciki ce ta ba da damar a ga abin da ido. A 1983 Jason Birnholz da Beryl Benacerraf sun lura cewa ɗan tayi yana fara ƙifta ido cikin razana a mako na 24 zuwa 25 idan aka ɗora abu mai ƙara da girgiza a kan ciki, kuma bayan mako na 28 amsar ba ta fashi ga mai lafiyayyen ji.

A 1994 Peter Hepper da Sara Shahidullah na Belfast, a Ireland ta Arewa, sun gwada sautuka masu kauri dabam-dabam. Ana auna kaurin sauti da adadin girgiza a daƙiƙa ɗaya, wanda ake rubutawa Hz, kuma kunnen matashi yana ji daga 20 zuwa 20,000. Amsa ta farko da suka gani a mako na 19 ce, ga sauti mai 500 Hz. A mako na 27 kusan duk 'yan tayin sun amsa 250 da 500, amma babu wanda ya amsa 1,000 ko 3,000. Sai a mako na 33 duka suka amsa 1,000, a na 35 kuma 3,000. Ƙarfin sautin da ake buƙata kafin su motsa ya yi ta raguwa yayin da ciki ke tsufa.

Abin da ke isa cikin mahaifa

Mahaifa ba wuri ne mai shiru ba. Akwai bugun zuciyar uwa, da gudun jini, da kukan hanji, da numfashi. Sautin waje kuma sai ya ratsa fata da tsoka da ruwan mahaifa. Da yake kunnen ɗan tayi cike yake da ruwa, dodon kunne ba ya aiki kamar yadda yake yi a iska, girgizar ta fi bi ta ƙashin kai zuwa katantanwa. Yawancin abin da aka sani game da wannan ya fito ne daga ƙananan makirfo da aka sa a mahaifar tumaki, musamman aikin Kenneth Gerhardt da Robert Abrams a Jami'ar Florida, da kuma naɗar sauti da aka yi a mahaifar mata masu naƙuda a Faransa a shekarun 1980.

Sakamakon ya nuna cewa jikin uwa kamar rariya yake. Sautuka masu kauri, ƙasa da 500 Hz, suna wucewa ba tare da sun ragu sosai ba, sirara kuwa suna dusashewa. Maganar da ke isa ga ɗan tayi ta yi kama da wadda ake jiyowa daga ɗakin maƙwabta: ana gane mai magana, ana gane ko faɗa yake ko rarrashi, amma kalmomin ba su fita sosai. Baƙaƙe irin su “s” da “sh” da “f” su suka fi ɓacewa. Wasula da tsawonsu da hawa da saukar murya su suka fi tsira. Muryar uwa ta fi ta kowa ƙarfi a ciki, domin ban da iska tana bi ta ƙasusuwa da naman jikinta.

Ji kafin haihuwa da koyon harshe

Da yake jariri ba ya iya faɗin abin da ya sani, masu bincike sun yi amfani da tsotso. Akan ba shi kan nonon roba da aka haɗa da na'ura, yadda salon tsotsonsa ne ke zaɓar muryar da za a kunna masa. Da wannan dabara Anthony DeCasper da William Fifer suka nuna a 1980 cewa jariran da ba su wuce kwana 3 ba suna sauya tsotsonsu don su ji muryar uwarsu maimakon ta wata mace. A 1986 DeCasper da Melanie Spence sun sa mata masu ciki suna karanta wani labari da ƙarfi sau biyu a rana a makonni 6 na ƙarshe. Bayan haihuwa jariran sun fifita wannan labari a kan sabo, ko da wata mace ce ta karanta shi.

A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Faris sun gano cewa jariran Faransa 'yan kwana 4 suna bambanta Faransanci da Rashanci, har ma bayan an tace maganar an bar hawa da saukar murya kaɗai. A 2009 wani nazari a kan jarirai 30 na Faransa da 30 na Jamus ya ba da rahoton cewa kukan na Faransa ya fi yin sama a ƙarshe, na Jamus kuma ya fi yin ƙasa, daidai da salon harsunan biyu, ko da yake wasu masana sun yi jayayya da yadda aka yi lissafin. Kathleen Wermke, wadda ta jagoranci wannan aiki, ta wallafa a 2016 cewa kukan jariran al'ummar Nso ta Kamaru da na masu magana da Sinancin Mandarin ya fi na Jamusawa yawan hawa da sauka. Harsunan biyu masu karin sauti ne.

A irin waɗannan harsuna, abin da ke ratsa mahaifa yana daga cikin abin da ke rarrabe ma'ana. A Hausa, karin sauti ne kaɗai ya raba “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala, tsawon wasali kuma shi ya raba “gari” da ake zama a ciki da “gari” na tuwo. Wannan ba ya nufin ɗan tayi yana fahimtar kalma. Abin da yake samu shi ne sabo da amon harshen, wanda daga baya ke taimaka masa ya gane inda kalma ta fara da inda ta ƙare.

Abubuwan da ke iya lalata hanyar

A ƙasashen da ake gwada duk jarirai, akan sami 1 zuwa 3 cikin 1,000 da matsalar ji mai ɗorewa. Kusan rabi ko fiye gado ne, kuma mafi yawan irin waɗannan yara iyayensu masu ji ne, sai dai kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon a ɓoye. Wadda aka fi sani ita ce GJB2, da aka danganta da kurumta a 1997. Wani nau'inta ne ya yawaita a ƙauyen Adamorobe na Ghana, inda kurame suka yi yawa har ƙauyen ya sami nasa harshen hannu.

Cikin cututtukan da uwa ke iya sa wa ɗan tayi, ƙwayar saitomegalo, wadda likitoci ke taƙaitawa CMV, ita ce kan gaba wajen jawo kurumtar da ba ta gado ba. Sau da yawa uwar ba ta jin komai, kuma jin yaron na iya raguwa watanni ko shekaru bayan haihuwa. Rubela, wadda ake kira ƙyandar Jamus, ta fi haɗari a watanni ukun farko, lokacin da katantanwa ke ginuwa. Likitan ido na Ostireliya Norman Gregg ne ya fara danganta ta da tawayar jarirai a 1941, kuma tana da allurar riga-kafi. Tunjere ma na jawo kurumta, amma ana iya gano shi a awon ciki a yi maganinsa.

Wasu magunguna, kamar allurar sitiraftomaisin da kanamaisin, suna ratsa mabiyiya su kashe ƙwayoyi masu gashi, shi ya sa ake hana mai ciki shan magani ba tare da umarnin likita ba. Giya ma na cutar da hanyar. Ƙarancin sinadarin aidin mai tsanani, wanda ke kawo maƙoƙo, yana hana katantanwa kammala ginuwa. Gishiri mai aidin shi ne babbar kariya daga wannan.

Jariran bakwaini

Jaririn da aka haifa a mako na 26 ko 28 yana fitowa ne daidai lokacin da hanyar ke ƙulla mahaɗanta. Maimakon tataccen sautin mahaifa, sai ya riski ƙarar injuna da ƙararrawar na'urori a cikin kwalba. A 1997 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 45 a ɗakunan jinyar jarirai. Shawara mai tsanani a kwanakin farko ita ma tana da haɗari, domin sinadarin da ke sa ido da fata su yi rawaya yana lalata jijiyar ji da zangunan tushen ƙwaƙwalwa. Nazarin bakwaini ya kuma nuna ƙarfin hanyar: a 2013 masu bincike a Faransa sun gano cewa ƙwaƙwalwar jariran da aka haifa a mako na 28 zuwa 32 tana bambanta gaɓar “ba” da “ga”.

Gwajin ji bayan haihuwa

Gwaje-gwaje biyu ake yi wa jariri yana barci, kuma babu mai zafi. Na farko yana sauraren ɗan amon da lafiyayyar katantanwa ke mayarwa idan sauti ya shige ta, abin da David Kemp ya gano a Landan a 1978. Na biyu yana auna saƙon lantarki da ke bin zangunan tushen ƙwaƙwalwa ta wayoyi da ake mannawa a fatar kai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi gwaji kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Taimakon ya haɗa da na'urar ƙara ji, da dashen na'ura a katantanwa, da koyar da harshen hannu, irin maganar hannu da kuramen ƙasar Hausa ke yi. A Legas, Bolajoko Olusanya ta nuna cewa ana iya yin gwajin a wuraren allurar riga-kafin tarin fuka, hanyar da ke kaiwa ga jariran da aka haifa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa yara miliyan 34 ne ke da nakasar ji, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya hana aukuwarta.

Kiɗa a kan ciki

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa kunna wa ɗan tayi kiɗan Mozart yana ƙara masa basira. Binciken 1993 da ya haifar da wannan magana a kan ɗaliban jami'a aka yi shi, kuma tasirin da aka gani bai wuce kusan minti 15 ba. Masana da dama suna gargaɗi game da manna lasifika a jikin ciki, domin sauti mai kauri yana shiga da ƙarfinsa, kuma yana iya katse barcin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke buƙata. Hirar yau da kullum da uwa ke yi ta wadatar.

Ci gaba bayan haihuwa

Haihuwa ba ita ce ƙarshen ginin ba. Saurin saƙo a tushen ƙwaƙwalwa yana kai na baligi wajen shekara 2, ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa yana ci gaba da nuna har wajen shekara 11 zuwa 12. A 1984 Janet Werker da Richard Tees na Kanada sun nuna cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana bambanta baƙaƙen harsunan da bai taɓa ji ba, amma zuwa wata 10 zuwa 12 wannan iyawa ta ragu, kunnensa ya karkata ga sautukan harshen da ake yi a gidansu.